Kada A Ɗauke Ni Da Sauran Numfashi

Payakumbuh,
cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga ɗana Asril, ɗan yayata Uni Rosna, a Jayapura, can yankin Papua.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Wirda da yaran duka. Allah Ya ƙara wa shagon abincinka albarka, Ya sa kada tukunyarka ta kwana da saura, Ya tsare ku daga zazzaɓin wannan ƙasa mai nisa. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Mahaifiyarka tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwa da ke ba ta wahala wajen hawa matakalar babban gida, gidan danginmu, amma bakinta lafiya lau yake, kamar yadda za ka gani a gaba. Matata Darnis tana gaishe ka. An yi girbin shinkafa, ba a yi asara ba, ko da yake ɓeraye sun ci rabonsu a gonar bakin rafi. Ni kuwa ƙafar hagu tana jan ƙasa har yanzu, harshe kuma yakan yi nauyi idan na gaji, amma Allah Ya bar mini hannun dama, shi ya sa kake ganin rubutuna ba na wani ba.

Na san za ka ce me ya hana Mamak, wato kawuna, ya kira ni a waya. Idan na yi magana mai tsawo kalmomi sukan maƙale mini, sai in ji kana cewa to Mamak, to Mamak, ga ƙarar faranti da masu neman ƙarin miya a bayanka, in san ko rabin abin da na faɗa ba ka ji ba. Maganar da zan yi maka kuwa ba ta tsaye ba ce. Ina so ka karanta ta a zaune, ka ajiye, ka sake karantawa. Na haura shekara hamsin kafin in zauna a kan tabarmar makarantar yamma a ƙaramin masallacinmu, bayan na kwance doki na zuba masa ciyawa, ina bin alli da yatsun da suka saba da linzami. Abokaina masu keken doki sun yi mini dariya a lokacin, wai ko dokin ne zai aiko mini da takarda. Ban san amfanin wahalar nan sosai ba sai bana. Don haka ka yi haƙuri da layukan da suka karkace.

Kafin komai bari in yi maka albishir, domin zuciyata ba za ta bar ni in jinkirta shi ba. 'Yata Yenita ta sauka lafiya, kuma mace aka samu. Mace, Asril. Bayan samari uku da ta haifa da shekarun da muka fid da rai, Allah Ya dubi gidan Darnis. Ka san Yenita ita kaɗai ce mace a wurin mahaifiyarta, kuma tun da gida da gona ta wajen mata suke bi, da ba a samu yarinyar nan ba, wata rana dangi na nesa ne za su zo su raba itacen gidan, sunan ya ɓace. Darnis ta daɗe da daina maganar, amma nakan ga irin kallon da take yi wa ɗakin da babu mai gadonsa. Ranar da ungozoma ta leƙo ta ce mace ce, na manta da sandata, na miƙe tsaye da ƙafa ɗaya da rabi, sai da surukina ya tare ni. Shi ya ce ni zan yi mata kiran salla a kunne. Na ji tsoron harshena, amma kalmomin sun fito sarai, ko ɗaya ba ta maƙale ba. An sa mata suna Nadira. Tana da gashi baƙi wuluk da dogayen yatsu irin na kakarta, idan kuwa ta buɗe baki duk unguwa sai ta san an yi haihuwa. Mahaifiyarka ta ce wanda ya ga rawar kaina zai ɗauka 'yar Piliang, danginmu, aka haifa mana, alhali 'yar Jambak ce, dangin Darnis, ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta ƙara wa danginmu ba. Na ce gaskiya ne Uni, amma hancin nawa ne, shi kam al'ada ba ta isa ta ƙwace ba.

To wannan farin cikin ne ya zaunar da ni na yi tunanin sauran kwanana, kuma shi ya kawo ni ga dalilin wannan takarda. Ka san labarin faɗuwar da na yi a bakin tafkin kifi, da kwanciyar da na yi a asibiti a Bukittinggi. Abin da ba ka sani ba shi ne duk kwanakin da na yi ba na magana, ina jin komai. Bakina ne ya mutu, kunnena bai mutu ba. Wata safiya likita ya zo ya ce idan numfashina ya ƙara sauka za a kai ni Padang a haɗa ni da inji, ya tambayi wa zai sa hannu. Yenita, da tsohon cikinta, ta ce ita ce 'yata. Mahaifiyarka ta ce tun yaushe 'yar wani dangi take yanke magana a kan namijin Piliang, alhali yayarsa tana raye kuma 'ya'yan yayarsa ba su ƙare ba. Ta ce idan babu sa rai, ba Padang za a kai ni ba, babban gida za a kai ni, ta riga ta kira ka, ka ce za ka nemi jirgi ka zo ka ɗauke ni. Yenita ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta san dangi ba, ta san ubanta. Darnis ta raɓe jikin bango, domin ta san a irin wannan wuri mata ba ta da baki a gaban dangin miji. Likitan yaro ne baƙo, ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ce shi mutum ɗaya yake nema, ba taro ba. Ni kuwa ina kwance a tsakaninsu kamar buhun shinkafa da ake ciniki a kansa, ina da amsa a raina, ba ni da hanyar fitar da ita.

Allah Ya taimake ni numfashin ya daidaita, ba a kai ga sa hannun ba. Ban ga laifin kowa ba a cikinsu, kuma ban ga naka ba. Abin da ka ce za ka yi shi ne abin da ni da kaina na koya maka. Ni na zaunar da kai tun kana ƙarami na ce maka namiji baƙo ne a gidan matarsa, komai daɗewarsa, gidansa na gaskiya shi ne na uwarsa. Ni na ce maka idan ɗan'uwan mahaifiyarka ya kwanta ciwon da ba tashi, 'ya'yan 'yan'uwansa mata su ke zuwa su ɗauko shi su mayar da shi inda aka haife shi, ya cika a can, don kada a ce danginsa sun yar da shi a hannun surukai. Haka muka yi wa yayanmu Uda Nazar, kana riƙe da gefe ɗaya na katifarsa, ni ina jan keken doki a hankali don kada ramuka su girgiza shi. Shi abin da yake so ke nan. Da ya ga ginshiƙin tsakiyar gida sai da ya yi murmushi. Amma na kuma ga matarsa. Kullum da safe takan zo da kwanon fate a ƙulle cikin zane, ta tsaya a gindin matakala ta yi sallama kamar mai tallar ganye, a ce ta hau, ta zauna daga nesa, ta ga ana juya mijinta ba yadda yake so ba, ta kasa cewa komai. Ranar da ya cika tana kan hanya.

Asril, ba na son Darnis ta tsaya a gindin matakala saboda ni. Idanunta sun yi yana, ko tsallaka titi ba ta iya yi sai da mai riƙe mata hannu, balle ta ratsa gonaki zuwa babban gida kullum. A asibiti, lokacin da kowa yake tambayata me nake so yana ɗaga murya kamar kurma, ita ce kaɗai takan sa tafin hannunta a goshina ta ce ƙishirwa yake ji, ko ta ce a juya shi ya fuskanci alƙibla, lokacin salla ya yi, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Na kusa shekara hamsin ina baƙunta a gidanta, ba ta taɓa nuna mini baƙo nake ba. Yanzu ga Nadira, bango ɗaya na katako ne tsakanin ɗakinta da namu. Idan ta yi kuka ina ji, idan aka rarrashe ta ina ji. Ina so in yi jinyata ta ƙarshe a inda zan riƙa jin wannan, hannun Darnis yana kaina.

Da na ga bakina zai iya sake rufewa ba tare da ya yi mini sallama ba, sai na ce gara in yi magana tun ina iyawa. Na fara zuwa wurin Buya Marlis, limaminmu, na tambaye shi ko mutum ya faɗi yadda yake so a yi jinyarsa ya shiga hurumin Allah. Ya ce ranar mutuwa da wurinta Allah kaɗai Ya sani, amma neman magani alheri ne, barin maganin da likitoci suka ce ba zai ƙara komai ba sai wahala kuma ba kashe kai ba ne. Ya ce wanda yake da abin da zai yi wasiyya a kai bai kamata ya yi ta jan ƙafa ba. Ya ƙara da cewa shi dai ba ruwansa da Uni Rosna, kada in ce shi ya aike ni. Daga nan wani tsohon abokina ya ɗauke ni a keken dokinsa zuwa cikin gari, karon farko da na zauna a kujerar baya kamar mai kuɗi, muka je wurin notaris, lauyar da ke rubuta irin waɗannan takardu ta buga hatimi. Mace ce mai haƙuri. Ta bar ni na faɗi komai da nauyin bakina, ta rubuta, ta ba ni na karanta da kaina. Sa hannuna ya ɗauki lokaci har shaidu biyun suka shanye kofinsu na gahawa.

Takardu biyu aka rubuta. Ta farko game da dukiya ce, kuma babu abin tayar da hankali. Gonakin da na noma na danginmu ne, ba nawa ba ne balle in ba wani, na rubuta cewa suna hannun mahaifiyarka, bayanta ƙanwarka Lismar. Abin da na samu da gumina, ɗan filin kwakwa da na saya da kuɗin doki da abin da ke banki, a raba wa Darnis da 'ya'yana yadda Alƙur'ani ya raba. Tafkin kifi ne kaɗai zai iya jawo magana, domin da kuɗina na haƙa shi amma a ƙasar dangi yake. Na rubuta cewa na bar shi ga gidan Piliang, kada 'ya'yana su nemi ko kifi ɗaya a ciki sai wanda aka ba su kyauta. Kai kuma na yi maka wasiyya da kayan adon dokina na tagulla, waɗanda kake gogewa da toka kana yaro. Ba su da tsada, amma ba na son su tafi kasuwa.

Takarda ta biyu ita ce mai nauyin. A cikinta na ce duk ciwon da ake sa ran warkewarsa a yi mini magani, ban ƙi allura ba, ban ƙi asibiti ba. Amma idan likitoci suka haɗu suka ce babu sauran abin yi sai jinkirta numfashi da inji, kada a kai ni Padang. A ba ni abin rage zafi, a jiƙa mini leɓe, a mayar da ni gidan Darnis, a bar ni a can har Allah Ya karɓi abinsa. Kuma na wakilta Yenita ta zama bakina a wurin likita da banki duk ranar da nawa ya rufe. Ba don na fifita ta a kanka ba. Ita tana nan kusa, kai sai ka kwana a hanya kafin ka iso, likita kuma mutum ɗaya yake nema. Idan na cika, daga wannan lokaci ni naku ne. Ku zo ku ɗauke ni, a yi mini wanka a babban gida, a yi salla, a binne ni a maƙabartar Piliang kusa da mahaifiyarmu. Wannan ban taɓa shi ba, ba kuwa zan taɓa ba.

Ban so mahaifiyarka ta ji wannan a bakin wani ba, don haka na ja ƙafata na je babban gida bayan la'asar. Na same ta tana tsince tsakuwa a shinkafa. Ta saurare ni har na gama ba ta ɗago kai ba. Sannan ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro, ta ce Tami, ashe amfanin karatun da ka yi da furfura ke nan, ka je ka biya 'yar birni ta rubuta maka inda za ka mutu. Ta ce ita ba ta iya karatu ba amma ta san ɗakin da aka yanke mini cibiya, in tambayi mai hatimin ko ita ta sani. Ta ce gobe a kasuwa za a ce mazan Piliang sun fara mutuwa a barandar surukai kamar kajin da ba su da akurki, kuma ba ni za a faɗa wa ba, tun da ni na tafi, ita da ɗanta za a faɗa wa. Na ce Uni, ban fita daga dangi ba, gawata taku ce. Ta ce gawa kuma me za ta yi da ita, gawa ba ta shan fate.

Daga nan ta tashi da ƙyar ta ce in biyo ta. Ta buɗe ɗakin ƙarshe, wanda mahaifiyarmu ta cika a ciki. An share shi, an wanke labule, ga sabuwar katifa a jingine ko ledarta ba a cire ba. Ta ce tun ina asibiti ta saya da kuɗin ƙwan agwaginta. Ta ce ita ta goya ni lokacin da mahaifiyarmu take gona, ita ta tauna mini ayaba kafin in yi haƙori, ta fara aikin, me ya sa zan hana ta ƙarasawa. Ta ce in dubi gidan nan, ɗakuna a jere duk a rufe, kai kana Jayapura, Lismar tana Jakarta, ita kaɗai take kwana tana jin ƙarar gara a cikin itace. Gidan ba ya cika sai an yi mutuwa, kuma ko a nan ma yini ɗaya ne. Ta ce ta ɗauka ko sati biyu za ta samu ta dafa wa ƙaninta abinci ta ji tarin wani a gidan.  Na zauna a bakin ƙofar ɗakin, ita ta koma wajen shinkafarta, har aka kira magariba. Da zan tafi ta ƙulla mini ƙwai a zane ta ce in kai wa mai jego, ba don ni ba.

Na ɗauka shi ke nan ba za ta sake taka gidan Darnis ba. Sai ga ta ranar da aka fitar da Nadira wankan farko a rafi, ta zo da lamang, shinkafa da madarar kwakwa da ta kwana tana gasawa cikin gora, an ɗauko mata shi a ka. Ta karɓi yarinyar, ta juya ta, ta duba, ta ce hancin kam Allah Ya kyauta, na Tami ne. Bayan mutane sun ragu sai ta matsa kusa da Darnis. Ina zaune a baranda ina jin su. Ta ce Darnis, ke ce mai gidan nan, ni baƙuwa ce, na zo da roƙo. Idan ranar ta zo, ko akwai wani lungu da za a bar tsohuwa ta shimfiɗa tabarma, ba za ta sa baki a girki ba, ba za ta ce an juya shi ba daidai ba, fate kawai za ta riƙa damawa. Ka san mahaifiyarka, ka san yadda ta danne zuciyarta kafin ta faɗi haka a gidan surukai. Darnis ta kama hannunta tana kuka, ta ce Uni ba lungu ba, ɗakin gaba naki ne, ki zo da katifar ma. Na ji daɗi har na fara gode wa Allah a fili. Sai mahaifiyarka ta juyo ta ce in rufe baki, ita ba ta ce ta yarda ba, wurin tabarma kawai ta tambaya ko da za a buƙata. Ta ce maganar ba a hannunta take ba. Asril ne babban ɗan 'yar'uwa, shi zai tsaya gaban Datuak, shugaban danginmu, da dattawan dangi ya faɗi dalilin da ya sa bai ɗauko ɗan'uwan mahaifiyarsa ba, shi za a nuna da baki. Abin da ya ce shi za a yi.

Ta yi gaskiya, shi ya sa na rubuto maka. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Ni zan samu abin da nake so in tafi, kai za ka zauna da maganar mutane. Za a ce neman kuɗi a Papua ya sa ka manta al'ada, za a ce kuɗin jirgi ka ji wa tsoro. Wasu za su faɗa a gabanka ranar zaman makoki, suna shan shayinka. Ba zan ce maka ba za ta yi ciwo ba. Abin da zan iya yi shi ne in sauƙaƙa maka tun ina da baki. Idan ka zo Ƙaramar Salla, ni da kai mu je wurin Datuak tare, in faɗa da harshena a gaban dattawa cewa ni na nema, ba kai ka gaza ba. In kuwa Allah bai kai ni ba, ga wannan takarda da rubutun hannuna, ka karanta musu inda ka ga dama.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma shi nake so ka fi riƙewa. Mai hatimi ta ce mini takardar tana da ƙarfi a gaban likita, Yenita ta ajiye ta inda hannu zai kai da sauri. Amma na kira Yenita na sa ta yi mini alkawari. Na ce mata idan ranar ta zo, ta ga Asril ya iso ƙofar gida da maza da mota don su ɗauke ni, kada ta fito da takarda, kada ta kira ɗan sanda, kada ta tsaya a bakin ƙofa. Ta naɗe mini kayana, ta ba ku hanya. Ta yi gardama, ta ce to me ye amfanin wahalar da muka yi, na ce na ji 'yata da yayata suna jayayya a kaina sau ɗaya ina kwance, ba zan so in ji 'yata da ɗan yayata ba. Ku biyu ne za ku rage bayan mu, kuma Nadira za ta buƙaci ta san hanyar babban gida.

Don haka, ɗana, takardar nan ba ta ɗaure ka ba. A gabanka ba ta da wani ƙarfi sai wanda ka ba ta. Idan ka duba ka ga ba za ka iya ɗaukar maganar mutane ba, ka zo ka ɗauke ni, ba zan iya hana ka ba, kuma na yafe maka tun yanzu, duniya da lahira. Sai dai ka sani ina jin komai a ranar, ko da ban motsa ba. In kuwa ka ga za ka iya, to ka zo da wuri, ka hau matakalar gidan Darnis ka yi sallama, ka zauna kusa da kaina tare da mahaifiyarka, ka karanta mini Yasin da muryarka. Ka jira. Idan aka rufe mini ido, sannan ka kira maza, ka riƙe makarata ta gefen kai.

Ka gaishe mini da Wirda, ka ce mata barkonon da ta aiko ya fi ƙarfin tsofaffi, mun ba samari. Ka gaishe da Fadli da Rahmi da ƙaramin da ban gani ba tukuna, ka ce musu kakansu na Payakumbuh yana yi musu addu'a bayan kowace salla. Idan ka yi waya da Lismar ka gaishe ta, amma ka bar maganar nan tsakaninmu sai ka yanke shawara. Darnis da Yenita da mijinta da samarin suna gaishe ku. Mahaifiyarka ta ce in rubuta cewa ba ta aiko da gaisuwa ba, tun da ba ka kira ta ba ranar Juma'a. Ka kira ta.

Kada ka yi gaggawar amsawa, amma kada ka daɗe. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka 'ya'yan 'yan'uwa masu jin ƙanka yadda kake jin ƙaina, Ya sa mu cika da kalmar shahada a duk gidan da Ya rubuta mana.

Wassalam.

Ni ne Mamak ɗinka,
Bustami Sutan Pamenan.